Kallon Kurma da Fim ɗin Sallau Tela

Jikokina suna cewa aikina ba aiki ba ne. Wai zama ne gaban tele, a ci gyaɗa, a tashi a ce wannan fim ya yi, wancan bai yi ba. Kowannensu yanzu da salula a hannu, kuma kowannensu alƙali ne. Fim bai kai rabi ba sun yanke masa hukunci, sun zagi mai shi, sun wuce na gaba. To, ku aje ta ku saurara. Ni Habsu mai kaset, da kwando a ka na shiga gidajen Matameye tun iyayenku suna rarrafe, kuma ba kaset nake kai wa mata ba. Kaset ko a bakin tasha an same shi. Maganata nake kai masu. In na ce wa mace, "Wannan ki sauke tukunya ki kalla," za ta sauke. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko sunan da ke jikin kwali ban iya karantawa, amma ban taɓa sa wata ta ƙona man injin wuta a banza ba.

Aikin farko da aka sa ni, tele ba ta ma zo garin nan ba. Inna Tsahara, ƙanwar kakata, ita ke jan matan da ke wasan kwaikwayo a gidan biki bayan la'asar. Wata ta sa babbar riga ta zama maigida, wata ta ɗaure kai ta zama dillaliya, a yi ta dariya har mai ciki ta riƙe ƙugu. Na ce ina so in shiga. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tsinko auduga ta cusa mani a kunne biyu, ta zaunar da ni bayan turmi.

Da aka tashi ta zare audugar. "Wace ce ta fi jin haushi a cikinsu?"

Na nuna wadda ta fi kowa wage baki.

Ta sakar mani rankwashi. "Wannan? Tunanin tuwon biki take. Ba ki ga wadda ke naɗe gefen zanenta tana warwarewa ba?"

Haka na yi ta zama bayan turmi, biki bayan biki, ƴan uwana suna cikin fili ana tafa masu. Inna Tsahara ta ce baki ɗan hadda ne, abin da aka biya masa shi zai maimaita, amma hannu bai iya hadda ba. Mutane suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ita ta ce fuska ma an koya mata ƙarya, ki tambayi hannu, ki tambayi wuya, ki dubi inda mutum ya aje ƙafarsa. Wannan shi take kira kallon kurma. Ban taɓa ganin mai ido irin nata ba. Tana zaune tana ɓare goro, kamar hankalinta ba ya wurin, sai an watse ta kira mace ta ce, "Kin yi gurguwa da ƙafar dama, kin fita da ta hagu." Daga ƙarshe ban zama ƴar wasa ba. Ta ce jikina itace ne, amma idona ya nuna.

Kaset na farko da na ɗauka, gidan Hajiya Rabi na kai shi, uwargidan wani Alhaji mai motocin haya. Lokacin bidiyo ya shigo, maza suna zuwa gidan kallo, matan kulle kuwa sai abin da aka kawo masu. Wanda aka aika ya dubi hoton kwali, ya ga ana naushi, ya ɗauko. A kunna inji, a tara maƙwabta, a zauna, fim ya fito shirme. Na ce wa Hajiya, "Bari ni in riƙa zaɓo maku. Wanda na kawo bai yi ba, ki kore ni da tsintsiya." Har Allah ya yi mata rasuwa tsintsiyar ba ta taɓa ni ba.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da hikimarsa. Kwandon kaba mai murfi, da tsumman buhu da nake jiƙawa in lulluɓe shi, don rana tana narkar da zaren kaset kamar man shanu. Ƙaramin cokali na juya zare in ya harɗe. Ƴar tele baƙa da fari da batirin mota, a ɗakina, ta aikin dubawa. Sai zaren ɗinki kala-kala, tunda ban karatu: ja a ɗaura wa fim mai sa kuka, kore na dariya, fari wanda za a iya kalla gaban suruka ba a sunkuyar da kai ba. Baƙin zare kuwa, wannan ba ya shiga kwando, mai shi nake mayar wa. Da kaset ya wuce aka koma faifan sede, na koyi goge ƙarzunsa da man goge baki da gefen ɗankwali. Kaya sun sake, dokar ba ta sake ba. Kowane fim sau biyu nake kallonsa kafin ya fita daga ɗakina. Na farko da murya, kamar kowa. Na biyu in kashe muryar ɗungurungum.

A kallo na biyu ake kama ɓarawo. Wani fim na taɓa dubawa, an ce yarinya marainiya ce, tana wahalar ɗiban ruwa. Da murya, har na matse ƙwalla, don an sa mata kiɗa mai taɓa rai. Da na kashe murya sai ga ta da tulu a ka tana tafiya kamar mai zuwa biki. Ba ruwa a tulun. Wuyan da ya ɗauki ruwa ba ya waiwaye haka. Ga lalle ɗanye a ƙafa, marainiyar da aka ce ba ta da lokacin wanka. Na ɗaura masa baƙin zare. Wani kuma duk wanda zai faɗi asiri, sai an samu wani laɓe a bayan ƙofa. Na ce wannan gari ko maƙerin sakata babu?

Amma kada ku ɗauka aikin neman laifi ne. Mai neman laifi kaɗai bai iya kallo ba, rabin ido gare shi. Akwai wani dattijo cikin ƴan wasan Kano, in ya fito a talaka ya shiga gidan mai kuɗi, ba ya hawa tabarma duka. Gefenta yake ɗosana jiki, ƙafa ɗaya a ƙasa, hularsa a gwiwa. Ba wanda ya ce masa ya yi haka, na rantse, a rayuwa ya gano shi. Saboda zaman nan kaɗai na sha kai fim ɗin da labarinsa bai taka kara ya karya ba, in ce wa mata, "Labarin ku yi haƙuri da shi, amma ku dubi tsohon nan yadda yake zama." Wannan shi ne aikin: ki san inda daɗin yake, ki ɗora yatsa a kai, har wadda ba ta lura ba ta gani.

Masu hulɗa da ni kuwa, kowace da cikinta. Amarya ba a kai mata fim ɗin mutuwar aure. Mai jego tana son dariya, amma ba wadda za ta motsa mata ciwo ba. Akwai wata tsohuwa a Dungu, duk ranar kasuwa take aiko a tambaye ni ƙarshen fim kafin ta karɓa. In mugun bai ga sakayya ba, ba ta so. Ta ce ta ga isassun mugaye da suka mutu a kan katifa, ba sai ta ƙona mai ta ƙara ganin wani ba.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bunni. Ba ku da wayo lokacin. Rumbuna suka tsaya wayam, samari suka watse cirani, wasu kudu, wasu arewa ta hanyar hamada. Gidajen da nake shiga, wasu sun sayar da tele sun sayi hatsi. Ga iyaka an tsananta, sabon faifai ba ya hayowa. Kwandona ya koma tsofaffin kaya, ina shiga gida a ce, "Habsu, wannan ai mun haddace shi." Ana cikin haka Sallau tela ya yi mani sallama da faifai ɗaya a aljihu.

Sallau shi ke jan samarin da ke wasan kwaikwayo a garin nan, teyatur kamar yadda suke cewa. Ɗinki ne abincinsa, wasa ne ransa. A shekarar nan da kowa ke neman abin kai wa baki, shi ya sayar da keken ɗinkinsa, ya ɗauko mai kamara daga Damagaram, ya yi fim. In fim ɗin ya shiga gidaje, keke ya dawo. In bai shiga ba, ba keke, ba sana'a, ga mata da ƴaƴa. Ƙofar gidajen mata kuwa kwandona ce, ya sani, na sani.

"Gwaggo, ki duba mani. Bai ƙare ba, akwai wuri ɗaya da ya lalace, zan sake shi. Sauran nake so ki gani."

Na ce ya dawo bayan azahar.

Labarin wani saurayi ne da ya tafi cirani, aka daina jin ɗuriyarsa, har aka fara yi wa uwarsa gaisuwar haƙuri, sannan ya dawo. Sallau da kansa ya fito a saurayin. Matar da ta saba fitowa a uwa cikin wasanninsu ta bi mijinta kudu, bai samu wata ba, sai ya je ƙauyensu Icirnawa ya roƙi mahaifiyarsa, Baraka mai daddawa. Ya ce mata wasa ne, ba gaske ba, a tsakar gidanta ma za a yi. Ta yarda don kada keken ya tafi a banza. Abin da ya manta, ko ya yi kamar ya manta, shi ne cewa shi ɗanta ne na fari. Naku iyayen sun fara sakin al'adar nan ta kunyar ɗan fari, amma Baraka ta wancan zamani ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido cikin ido gaban mutane ba. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan."

Wurin da ya ce ya lalace shi ne dawowar. An gaya mata, in ya yi sallama ta yar da rariya, ta tashi da gudu, ta kira sunansa, ta faɗa jikinsa tana kuka. Abin da ta yi daban. Tana zaune tana tankaɗe, ya shigo da jaka, ya yi sallama. Ta amsa wa ƙasa. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta miƙa hannu ta tura ƙwaryar ruwa wajen da yake tsaye, ta ce wa kajin da ke gabanta, "Wasu sun sha hanya." Shi ke nan. An lulluɓe wurin da kiɗan sarewa don a rufe ɓarnar.

Na kalla da murya. Na kashe murya na sake kalla, ko da batirin yana ta ja da baya. Da Sallau ya dawo na fara da laifuffukan, don haka ake yi. Na ce waƙar da ya sa a tsakiya ba ta da gurbi, mutum yana cikin hamada da ƙishirwa ba ya tsayawa rawa. Na ce abokinsa da ya ɗauki buhu wai na hatsi, ƙaiƙayi ne a ciki, da yatsa biyu ya saɓa shi.

"Buhun na yarda," in ji shi. "Waƙar kuwa ki bar mani ita. Ko kunu sai da tsami."

"Na bar maka. Wane wuri ne ka ce ya lalace?"

"Kin gan shi ai. Tsohuwa ta kashe ni. Mun yi, mun sake, mun sake, ita dai kamar an dasa ta. Mai kamara ya yarda zai ƙara zuwa sau ɗaya. Na samu wata a Damagaram, gwana ce, kafin ka ce kwabo hawaye sun wanke mata fuska."

"Ka cire tsohuwarka ka sa mai hawayen haya."

"Gwaggo, ke fa kin fi kowa sani. Jan zare nawa ne a kwandonki? Kuka mutane ke so. Wane fim kika taɓa gani ɗa ya dawo uwa ta yi magana da kaji?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji ta. Na sha kai wa mata kuka suna gode mani. Na ce, "Ban taɓa gani a fim ba. A gidaje nawa ka gani?"

Ya kau da kai wajen ƙofa.

Na ce, "Wani abu zan tambaye ka. Kowa a fim ɗin nan ka sake masa suna. Me ya sa ɗan ciranin ka bar shi Sallau?"

Ya sunkuya yana tsinkar wani zare a bakin rigarsa. "Ya fi sauƙin riƙewa."

Ban ƙara tambaya ba. Ba kowace tukunya ake buɗewa ba. Na ce, "In ka cire wurin nan, kwandona ba zai ɗauki fim ɗinka ba."

Ya yi dariya. "Kwandon da ba kome a ciki sai tsofaffi? Kin fi ni buƙatar fim ɗin nan, Gwaggo."

"Ina buƙatarsa. Zauna."

Na mayar da faifan wurin, na kashe murya. Ya fara cewa ya gan shi har ya gaji, na ce ya bar fuskarta, ya dubi rariyar. Ya duba. Ga shi ya shigo da jaka. Ga rariya ta tsaya cak kamar ƙiftawar ido, ta ci gaba. Gari yana zuba, yana raguwa, ya ƙare. Hannun bai tsaya ba. Matar da ta yi tankaɗe tun ba ta kai turmi tsawo ba, tana kaɗa rariya wayam, tana bugun gefenta da tafin hannu, ba ta sani ba.

"Ba gari a ciki," in ji shi a hankali.

"Babu."

"Ƙara mayarwa."

Na mayar. Ya kalla har batirin ya mutu, hoto ya tsuke ya zama ɗigo. Ya tashi ya karɓi faifansa, ya sa takalmi, bai ce zai bari ba, bai ce zai cire ba. Na bi bayansa da kallo, na ce a raina, Habsu, yau kin kori abincinki da bakinki.

Mai kamara ya zo, na ji labari. Na ce shi ke nan, an sa mai hawaye. Wata ranar kasuwa sai ga Sallau da faya-fayai a ɗaure cikin leda, ya aje bakin ƙofata ya ce sauri yake zai je shago, shagon da ba keke. Na sa ɗaya. Zuwan mai kamara, buhun aka sake: an cika shi da yashi, abokin yana nishi har jijiyar wuyansa ta fito. Dawowar kuwa tana nan yadda take. Amma ya yi abin da ni ban hango ba. Ya cire sarewar gaba ɗaya. Ba kiɗa, ba kome, sai kukan kaji da ƙarar rariya. Ashe rariya mai gari da marar gari ba muryarsu ɗaya ba. Mai gari tana shuu, shuu, a lulluɓe. Da garin ya ƙare sai ta koma ƙwas, ƙwas, a bushe, har cikin haƙori. Ni da kurmancina ido kaɗai na ba shi, shi ya ƙara kunne. Da Inna Tsahara tana raye da ta ba shi goronta. Na rasa zaren da zan ɗaura masa, na haɗa ja da fari.

Gidan Hajiya Rabi na fara kai shi. Mata sun cika rumfa da hantsi, don an daɗe ba a ga sabo ba. Da aka zo wurin, wata ƴar amarya ta ce, "Wannan tsohuwa ba ta iya ba, ko kuka ba ta yi."

Wata dattijuwa daga baya ta ce, "Bari naki ya girma ya tafi, sannan ki koya mata."

Rabin matan rumfar nan nasu suna can cirani, ba waya, ba saƙo. Hajiya ta ce a mayar, aka mayar. Daga gidan nan fim ɗin ya fi ni sauri. Ina shiga lungu ana leƙowa ta katanga, "Habsu, mai rariyar yana nan?" Ba kowa ya so shi ba, ban ɓoye maku. A gidan kallo maza sun ce yana da sanyi, waƙar nan da na ce a cire ita suka fi so. Amma kafin babbar salla na wuce ta bakin kasuwa na ji keke yana sururu a shagon Sallau.

Baraka ce kaɗai ba ta gani ba, ba tele a gidanta. Wata ranar kasuwa na tare ta da tallan daddawarta, na ja ta ɗakina. Sallau ya ji, ya biyo mu, amma bai shigo ba. Ya tsaya bayan asabari, ƙafafunsa kaɗai ake gani ta ƙasa. Ta kalla tun daga farko har ƙarshe, mayafi a baki.

"To, Yaya Baraka, me kika gani?"

"Da na san za a nuna bangon nan da na yi masa yaɓe."

"Ƴan wasan fa?"

"Mai buhun ya yi ƙoƙari."

"Wanda ya fito a ɗan cirani fa?"

Ta dubi ƙasa, daidai inda asabarin ya ƙare. Ta daɗe. Sannan ta kwance bakin ƙwaryarta, ta zaɓi ƙullin daddawa mafi girma, ta tura shi a hankali wajen ƙofa.

"Ba laifi," in ji ta. "Ya rame dai. A ba matarsa, ta riƙa sa masa a miya."